Ƙarshen Sanyi a Ɗa'ifa

Sanyi ya fara naɗe tabarmarsa,
amma bai yi sallama ba tukuna.
Da asuba yana nan a bakin famfo
yana jiran yatsun mai alwala.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
muna gaisawa da shi a kan dutsen nan,
bai taɓa tambayar lafiyar gwiwata ba.

Gajimare ya sauko har kan kwalta,
motoci na lalube kamar masu neman allura.
A shagon Bayamale tanda ta yi ja,
gurasa na fitowa da faɗin faifai,
ga wake da man zaitun, ga shayi da na'ana'a.
Ya ce, "Ya Hajji, wa zai ci wasan yau?"
Na ce, "Wanda ya biya ka bashin jiya."

A gona, wardin da muka aske ƙwal
ya fara buɗe ido, jajaye, ƙanana.
Mai gona na zagayawa, hannu a baya,
yana ƙirga furen da bai fito ba.
Itacen lauz kuwa ya riga kowa,
ya sa farare tun ganye bai zo ba,
kamar wanda ya ji an ce gobe Juma'a.

La'asar, jikana Uwaisu ya sace
safar hannuna ta yankan ƙaya.
Wai shi ne mai tsaron gida.
Duwatsu biyu ne ragarsa,
an zura masa huɗu, ya tare ɗaya,
ita kaɗai ya kawo mana gida,
ya ba da labarinta har sau tara.

Ran Alhamis Suwaiba ta ɗauki mukulli,
ta ce, "Baba, sa rigarka mai kyau."
'Yata ce ke tuƙi, ni ina riƙe da ƙofa.
Muka bi ta Hada, inda hanya ke murɗewa
kamar igiyar guga da aka yar,
birai na zaune a bakin titi
suna karɓar haraji, ayaba ko lemo,
ɗakunan ƙarfe na tafiya a kan waya
da mutane a ciki suna ɗaga hannu.
Na ce ni da wannan sai dai kallo.

Sai ga mu a silima.
Waje sanyi kyauta, ciki mun saya da kuɗi.
Gugguru ƙoƙo ɗaya, kuɗin kaza.
Kujera mai laushi, kowa ya yi tsit
kamar ana jiran liman ya ta da salla.

Ni da na san silimar da sama ce rufinta,
benci da ƙusa, gyaɗa da rake,
inda mu muke gaya wa jarumi hanya,
in ya ƙi ji mu zage shi.

To, ga mugu ya laɓe da wuƙa,
yaron kirki ya juya yana shan ruwa.
Ban san sanda bakina ya kuɓuce ba:
"Kai, bayanka!"

Suwaiba ta nutse cikin kujera.

Can daga gaba, cikin duhu,
wata murya ta ce, da Hausa garau,
"Ya gani, Baba, kwantar da hankalinka."

Da aka kunna fitila na miƙe,
ina duba fuska bayan fuska.
Farar riga, baƙar abaya, yara da kofuna,
kowa na magana da Larabci a waya.
Ban gane shi ba. Bai tsaya ba.

A hanyar gida ba mu ce komai ba
sai dariyar da take ɓoyewa a mayafi.
Na shiga ɗaki, na jawo bargon Hajjo,
shekara shida ke nan ni kaɗai nake rufa da shi.
Yadda fim ɗin ya ƙare ya ɓace mini.
Muryar nan kuwa, ina jin ta Zazzau ce,
ko ta Katsina, wajen kudu.
Gobe akwai ban ruwa tun da duhu.